Daga fagen kokowa zuwa filin petanki: abin da ke kama wuyan hannun ƙarfafa

Duk wanda ya bi babbar hanyar ƙasa mai lamba 1 daga Maraɗi ya nufi gabas, kafin ya kai Agye da Gazawa sai ya ratsa Cadawa, mararrabar da hanyar Mayahi ke rabuwa. Gari ne na noma da kasuwa, wanda ya yi suna wajen aya, kuma kamar sauran ƙasar Maraɗi tun daga Gidan Rumji har Tasawa, gari ne da ake girmama ƙarfin damtse. A nan yaro kan koyi kamu da kaye tun kafin ya shiga lakkwal, in kaka ta yi kuma ganga ba ta barin samari su kwana gida. Ba a manta ba cewa da aka buɗe gasar kokowa ta ƙasa a Tawa a shekarar 1975, ɗan jahar Maraɗi ne ya zama sarkin kokowa na farko, wato Yakuba Ango Kantu, wanda filin kokowar Maraɗi ke ɗauke da sunansa.

Sai dai kokowa sana'ar ƙuruciya ce. In shekaru suka ja, gwiwa ta fara ƙara, iyali suka ƙaru, ɗan kokowa kan rataye layu da kambuna ya koma kasuwa ko gona. Amma jikin da ya saba da fage ba ya son zama. Shi ya sa wasan ƙwallon ƙarfe da ake kira petanki, wanda ya daɗe da samun gindin zama a Yamai da Maraɗi da Damagaram, kuma ma'aikata kan tafi da shi duk inda aka yi musu canjin wurin aiki, yake jan hankalin irin waɗannan mutane. Ba gudu, ba kaye, ba a bukatar kome sai fili mai tsakuwa da inuwar la'asar. Abin mamaki shi ne, a wannan wasa mai sauƙin gani, ƙaƙƙarfan mutum ma yana iya kamuwa da ciwon wuyan hannu. Wannan shi ne abin da za mu duba a wannan mako, don kuwa hannu shi ne jarin ɗan kasuwa da ma'aikaci baki ɗaya.

Wasan da ciwo ya haifa

Kafin mu shiga jikin mutum, bari mu leƙa asalin wasan, domin amsar tana can. A kudancin Faransa, kusa da Marsai, akwai wani garin bakin teku mai suna La Ciotat. Mutanen yankin suna da tsohon wasansu na ƙwallo wanda ake jifa daga nesa, mai harbi kuma sai ya yi taku uku da gudu kafin ya saki. Akwai wani gwanin wannan wasa da ake kira Jules Lenoir, wanda sanyin ƙashi ya kama har ya kasa yin wannan gudu. Don kada a bar shi zaune yana kallo, sai abokansa, cikinsu har da Ernest Pitiot, suka rage tsawon fili, suka zana da'ira a ƙasa, suka ce kowa ya tsaya cikinta ƙafafu a kafe ya yi jifa. An fi danganta wannan da shekarar 1907, an kuma yi gasar farko a garin a 1910. Sunan petanki ma daga harshen yankin ya fito, ma'anarsa ƙafafu a kafe.

Ke nan tun ran gini, an tsara wasan ne don mutumin da ƙarfinsa ya ragu. Ƙa'idodinsa na yau ma haka suke nunawa. Ƙwallon gasa, wato bul, nauyinsa daga garam 650 ne zuwa 800, kaurinsa kuma daga milimetir 70,5 zuwa 80. Ƙaramin ƙwallon icce da ake neman kusanta, wanda ƴan wasa ke ce wa bushon, milimetir 30 ne, ana jefa shi tsakanin metir 6 zuwa 10 daga da'ira. Ɓangaren da ya riga kai maki 13 shi ya ci. An kafa ƙungiyar duniya ta wasan a Marsai a 1958, aka yi gasar duniya ta farko a ƙasar Beljiyam a 1959. Afirka ba ta zauna ƴar kallo ba: Madagaska ta ɗauki kofin duniya a 1999, ta sake ɗauka a gida a 2016 bayan ta doke Benin a wasan ƙarshe, sa'annan a 2023 aka yi gasar duniya a Kwatano, maƙwabtanmu.

Lissafin da ke yaudarar ƙaƙƙarfa

Mu ɗauki tsohon ɗan kokowa wanda yanzu yake sayen aya a kasuwar Cadawa, yana ɗaga buhu shi kaɗai ya jefa bisa amalanke. Ranar da aka miƙa masa bul mai garam 700 sai ya yi dariya, don ko tiyar hatsi ta fi shi nauyi. In ya yi jifa 100 a yamma guda, duk abin da ya ɗaga kilo 70 ne, bai kai buhu ɗaya mai kilo 100 ba. To ina ciwo zai fito?

Zai fito daga abubuwa uku: yadda ya riƙe, yadda ya karya wuyan hannu, da yawan maimaitawa.

A kokowa, riƙo shi ne rai. Wanda kamunsa ya kwance ya sha ƙasa. Shekara goma ko ashirin hannun ɗan kokowa yana koyon abu guda: in ka kama, matse, kada ka saki. Petanki kuwa akasin haka yake nema. Gwanintar wasan duka tana cikin saki. Ana riƙe bul tafin hannu na kallon ƙasa, yatsu huɗu a haɗe sun lanƙwashe a kansa, babban yatsa yana gefe ko ya ɗan taɓa kawai. Hannu kan yi lilo daga kafaɗa kamar igiyar guga, ya je baya ya dawo gaba, a ƙarshe yatsu su buɗe bul ya zame ta kansu. Wannan zamewa ce ke sa shi juyawa baya-baya, ya faɗi ya tsaya kusa da inda aka nufa. Wanda ya matse bul da babban yatsa, ba zai fita daidai ba: ko ya makara ya tashi sama, ko ya kauce hagu ko dama. Da ƙaƙƙarfa ya ga jifarsa ta kauce, sai ya yi abin da fage ya koya masa, ya ƙara matsewa ya ƙara ƙarfi. Jifa ta ƙara lalacewa, hannu ya ƙara shan wuya.

Abu na biyu shi ne karya wuyan hannu. Mai karatu, gwada da kanka: dunƙule hannu da ƙarfi wuyan hannu a miƙe, sa'annan ka lanƙwasa shi ciki ka sake dunƙulewa. Za ka ji ƙarfin ya ragu. Haka halitta take: riƙo ya fi ƙarfi in wuyan hannu ya ɗan ɗaga baya, yana raguwa in ya lanƙwashe ciki. A petanki kuwa ana lanƙwasa shi ciki lokacin da hannu ya tafi baya, a warware shi wajen saki. Wanda ya matse bul a wannan hali yana tilasta wa jijiyoyinsa aiki mai tsanani a inda suka fi rauni. In kuma bai bar hannu ya yi lilo sosai ba, ya ce da fizgar wuyan hannu kaɗai zai kai bul metir 9, to duk aikin da ya kamata kafaɗa ta yi ya sauka kan ƙaramar gaɓa.

Abu na uku shi ne rashin gajiya. Mai ƙaramin ƙarfi in ya yi jifa talatin damtsensa kan gaji, ya koma fada ya sha shayi. Gajiyar nan ita ce ta cece shi. Ƙaƙƙarfa ba ya jin kome, sai ya kai magariba yana harbi, gobe ya dawo, jibi ya dawo. Musamman da yake abokan wasa kan ce masa, kai mai ƙarfi ne, kai za ka zama mai harbi, wato wanda ke bugun bul na abokan hamayya ya fitar da shi. Harbi kuwa ya fi aunawa cin hannu.

Jijiya suna ta tara

A Hausa abu uku muke kira jijiya, kuma sai an rarrabe su za a gane wannan ciwo. Akwai jijiyar jini. Akwai jijiyar ji, wadda ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi. Akwai kuma farar jijiyar nan mai tauri da mahauci ke yankewa daga nama, mai ɗaure tsoka da ƙashi, irin agarar da ke bayan diddige. Tsokokin da ke ba yatsu ƙarfin riƙo ba a tafin hannu mafi yawansu suke ba, suna can tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu. Fararen jijiyoyinsu ne ke ratsa wuyan hannu kamar linzami su kai ga yatsu. Shi kuwa wuyan hannu ƙananan ƙasusuwa 8 ne a jere sahu biyu, jijiyoyin na wucewa ta ƴan ƙananan kwararo a samansu da ƙarƙashinsu.

Tsoka tana da jini da yawa, tana saurin sabawa da sabon aiki cikin makwanni. Farar jijiya jininta kaɗan ne, sabonta sai an yi watanni. Ƙarfin da mutum ya tara a kokowa ko a dako bai shirya jijiyoyinsa ga wannan sabon motsi ba. Kamar a ɗaura ingarman doki ne da siririn linzami.

Wurin da ciwon ya tsaya shi ke nuna abin da ya taɓu. In a gefen babban yatsa ne, daidai ƙashin da ya ɗan fito a wuyan hannu, kuma yana tsananta in an ɗaga buta ko an matse tsumma, galibi kuben jijiyoyi biyu ne na babban yatsa ya kumbura ya matse su. Wani lokotoro ɗan ƙasar Suwis, Fritz de Quervain, shi ya bayyana wannan ciwo a 1895, har yau da sunansa ake kiran sa. Ana gwada shi haka: a sa babban yatsa cikin tafi, a rufe shi da sauran, a karkatar da hannu a hankali wajen ƙaramin yatsa. In zafi ya soki wurin fiye da ɗaya hannun, alama ce.

In kuwa babban yatsa da manuni da na tsakiya ne ke mutuwa, kamar tururuwa na tafiya cikinsu, har abin ya tada mutum da dare yana yarfa hannu, to jijiyar ji ce ta matsu. Tana bin kwararo guda da fararen jijiyoyi 9 a ƙarƙashin wuyan hannu, in suka kumbura ita ke shan matsi. Masu ciwon sukari sun fi saurin kamuwa da wannan. In ciwon a gefen ƙaramin yatsa yake, yana ƙaruwa in an murɗa makulli ko an dafa ƙasa za a tashi, ana zargin guringuntsin da ke wannan gefe. Wani kuma ba a wuyan hannu zai ji ba, sai a ƙashin gwiwar hannu, inda waɗannan tsokoki suka samo asali.

Akwai na ƙarshe da ya shafi ƴan kokowa musamman. Cikin ƙasusuwan nan 8 akwai ɗaya a gindin babban yatsa wanda kan tsage in mutum ya faɗi ya dafa ƙasa da tafi. Sau da yawa akan ɗauka targaɗe ne, a ja a ɗaure a koma fage. Ƙashin nan jini ba ya isar sa sosai, yana iya ƙin haɗewa, ya zauna shekaru shiru. Sabon wasa sai ya tone tsohon rauni. Wanda ya san ya taɓa irin wannan faɗuwa, kuma yana jin zafi in an danna ɗan ramin da ke gindin babban yatsa, hoton ƙashi ya kamace shi.

Wannan matsala ba ta petanki kaɗai ba ce. A Amurka da Turai ana wani wasa cikin ɗaki, inda ake gangara babban ƙwallo mai ramuka uku na yatsu don a zubar da sanduna 10, ƙwallon kan kai kilo 7 da ɗoriya. Can ma wanda ya zaɓi mafi nauyi, ya matse shi da babban yatsa, yana iya ƙarewa da kukan wuyan hannu. Masu koyarwa a can da nan maganarsu ɗaya ce: ƙwallo ya dace da hannu, nauyinsa ya ja hannu, ba hannu ya ja shi ba.

Bul na aro

Yawancin masu koyo da bul na aro suke farawa, ko na gwanjo da aka samo a Maraɗi, ko irin masu araha da ake sayarwa cikin jaka girmansu ɗaya. Alhali milimetir biyu ko uku na iya raba lafiya da ciwo. In bul ya yi wa hannu girma, yatsu ba sa rufe shi, dole a sa babban yatsa a matse don kada ya faɗi. In ya yi ƙanƙanta, kamar yadda kan faru ga mai faɗin tafi, sai ya nutse ciki ya ƙi fita, a dinga fizga. Gwajin mai sauƙi ne: ka riƙe shi tafi na kallon ƙasa, ka janye babban yatsa. In yatsu huɗu sun riƙe shi ba da wahala ba, sun rufe rabinsa da ɗan ƙari, naka ne. Bul na gasa na ainihi yana da tambarin maƙerinsa da nauyinsa a zane a jikinsa. Mai koyo, kome ƙarfinsa, gara ya fara da wajen garam 680 zuwa 700. Ɗaukar mai 800 don a ce namiji ne ba ya ƙara ko maki guda.

Ƙwayar da ke rufe bakin ciwo

Nan ne babban haɗarin yake. Ɗan kokowa an horar da shi kada ya nuna ciwo a gaban jama'a. Da wuyan hannu ya fara zafi, kunya ba za ta bar shi ya ce ƙwallon da bai kai kilo ba ya kayar da shi. Sai ya aiki yaro wajen mai tallar magani a tasha. Diklofenak da ibuprofen suna rage zafi da kumburi, gaskiya ne, amma shan su kullum ba bisa umurnin lokotoro ba yana ƙwarzane ciki har ya kai ga gyambo da zubar jini, yana kuma taɓa ƙoda, balle a lokacin bazara da jiki ke ƙarancin ruwa. Tramol kuwa, wanda kowa ya san ɓarnar da ya yi wa samarinmu, ba ya gyara kome a jijiya. Yana ɓoye zafin ne kawai, mutum ya ci gaba da jifa da hannun da ke neman hutu, ga kamu da sabo, ga haɗarin farfaɗiya in an zarce. Ciwo ɗan aike ne. Wanda ya kori ɗan aike bai hana abin da aka aiko shi ya faɗa aukuwa ba.

Haka nan masu ɗori suna da wurinsu a cikin al'umma, amma jijiyar da ta kumbura saboda yawan aiki ba gocewa ta yi ba, ja da murɗa ƙara mata suke yi. Ɗauri mai tsanani kuma yana iya tare jini ya matse jijiyar ji.

Abin da ya kamata

Da farko a dakatar da jifa na kamar mako biyu, a kuma rage duk abin da ke tada zafin, har da murɗa hannun babur da ɗaukar buhu da hannu guda. A naɗe ƙanƙara cikin tsumma a ɗora minti 10 zuwa 15, sau biyu ko uku a yini, a kwanakin farko. In ciwon gefen babban yatsa ne, lokotoro kan sa abin tallafe da ke tsayar da wuyan hannu da babban yatsa na mako 4 zuwa 6, in bai ji ba akwai allurar da ake yi a wurin, kuma aikin ƙwararre ne, ba na mai allurar unguwa ba.

Kada a jira in yatsu na mutuwa da dare, ko kofi na suɓucewa daga hannu, ko tsokar gindin babban yatsa ta fara lotsawa, ko gaɓar ta kumbura ta yi zafi tare da masassara, ko ciwon ya wuce mako uku bai sassauta ba. A fara da gidan likita na gari, su za su tura mutum Agye ko Maraɗi in ana bukatar hoto. Tsagewar ƙaramin ƙashin nan wani lokaci ba ta fitowa a hoton farko, shi ya sa akan ce a dawo bayan kwana 10 zuwa 14. Wanda aka ce ya dawo, ya dawo. Kuɗin mota zuwa Maraɗi bai kai asarar damina guda ba tare da hannun riƙe hauya ba.

In zafi ya tafi, a koma da sannu. A ɗumama hannu da kafaɗa kafin a shiga da'ira. A fara daga metir 6, da aunawa kafin harbi, jifa ashirin ko talatin, a tsallake yini, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan mako bayan mako. In washegari hannu ya tashi da zafi, an yi yawa, a ja baya. A riƙe bul kamar yadda ake riƙe ƙwai: ba sakaci har ya faɗi, ba matsi har ya fashe. A bar kafaɗa ta yi lilo, hannu ya bi bul har ya nuna inda aka nufa. A kuma zauna kusa da dattijon nan na fili, tsohon mushe ko tsohon ma'aikacin gidan waya, wanda ba zai iya ɗaga rabin buhu ba amma bul nasa ke kwanciya jikin bushon, a kalli yatsunsa.

Su ma abokan wasa da alhaki a wuyansu. Wanda ya kawo baƙo fili, shi ya kamata ya duba masa bul, ya ƙidaya masa jifa, ya ce masa ya isa haka yau. Kirarin da ake yi wa ɗan kokowa a fage ba shi ne zai amfane shi a nan ba.

Hausawa sun ce in kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake. Mutumin da ya yi shekaru yana koyon kamu ba zai koyi saki cikin mako guda ba, kuma ba abin kunya ba ne. Abokan Jules Lenoir sun zana da'ira ne don kada ciwo ya raba gwani da wasa. Zai zama abin takaici a ce cikin wannan da'ira ce ƙaƙƙarfan Cadawa ko Gazawa ya bar hannun da yake ciyar da iyalinsa da shi. Allah ya ƙara mana lafiya.